Tanimu Zamewa da Kofin Kokawarmu

Jama'a, ku yi mini uzuri in yi maganata a zaune. Gwiwoyin nan sun daɗe da yi mini tawaye, ga shi tun safe ake ta jawabi, na gaji. Amma an ce in faɗi wani abu a kan marigayi Malam Tanimu, kuma ba ni da bakin cewa a'a, don cikin waɗanda muka yi kokawa tare a sakandare ni kaɗai na rage.

Duk wanda ya san Tanimu a Tudun Wada ya san ba ya gaisawa irin ta mutane. Ka miƙa masa hannu da sallamarka, sai ya tsallake tafin ya cafke wuyan hannunka, ya ɗan fizgo ka, idonsa ƙur a kan ƙafafunka. In ka tsaya daram ya ce, "Madalla, da sauranka." In ka yi taga-taga ya girgiza kai ya ce, "Shayi da burodi sun gama da kai." Bai bar kowa ba. Ranar da muka raka shi Gyallesu gaida mahaifin Asabe, yarinyar da yake nema, dattijon yana zaune kan buzu a zaure, ya miƙo masa hannu don karamci. Wallahi daga durƙuson da yake Tanimu ya cafke shi ya fizga! Tsohon bai motsa ba.

"Allah gafarta Malam," in ji Tanimu, "wallahi da sauranka!"

Malam ya dube shi, ya dube mu, ya ce, "To madalla. Ni ka zo nema ko Asabe?"

Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, da na riga kowa shigewa. Amma an ba shi matar.

Mu huɗu ne 'yan kokawar makarantarmu da ake ji da su: ni, da Tanimu, da Garba wanda daga baya ya zama Alhaji Garba ɗan kwangila, sai Bulus Dogo, ɗan wani malamin coci. Mu ne muka je muka kayar da sauran makarantun lardi muka dawo da kofi. Amma kafin wannan tafiya an haɗa Tanimu da Bulus a filin makaranta, gaban kowa da kowa. Bulus ya sunkuya ya kama ƙugunsa, ya cicciɓe shi sama kamar damin dawa, ya maka shi da ƙasa. Tanimu ya tashi, bayansa duk yashi, har cikin kunne.

"Zamewa na yi," ya ce. "Wani ya zubar da ruwa a wurin."

A tsakiyar bazara fa! Rabon ƙasar nan da ruwa tun kaka. Daga ranar sunan ya bi shi, Tanimu Zamewa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa janye maganar ba. Ko tuntuɓe ya yi a ƙofar masallaci, kafin ka ce sannu ya riga ka: "Ka dai gani da idonka, zamewa ce."

Sai ga zamanin kuɗin fetur. Ku yaran yanzu ba ku ga abin ba. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, gari ya ruɗe. Wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ma ya sayo firji alhali gidansa ko wayar lantarki ba a ja ba, sai ya riƙa ajiye huluna a ciki. Tanimu yana akawu a ofis, ƙarin da aka yi wa kowa an yi masa, amma ya ce shi da tsohon kekensa mutu ka raba. Lokacin kuwa 'yan kwangila sun farfasa titunan unguwa, ko'ina rami da tsakuwa. Da ya iso inda hanya ta ɓaci sai ya sauka, ya saɓa keken a kafaɗa, ya wuce abinsa da babbar riga.

Wata rana na tsaya da babur ɗina kusa da unguwar Kongo na ce, "Tanimu, kai ke hawan keken nan ko shi ke hawanka?"

Ya ce, "Sani, taya cinyewa take yi. Kafaɗa kuwa ƙara ƙarfi take."

Asabe ta yi ta roƙon firji har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: ruwan sanyi ke kashe ƙugun namiji, randa ta ishe su.

Mu kam mun yarda da zamani. Muka yi tumbi, muka manta da fage. In an ta da zancen kokawa a majalisa sai mu kau da kai, kada a ce mana ƙauyawa. Ana cikin haka ciwo ya kama Bulus. Yana aiki a asibiti, a tsaye yake ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. Muka je duba shi ni da Tanimu. Mutumin da ke ɗaga ƙato sama, ga shi an jingina shi da matashi, matarsa na ba shi koko a cokali. Muka yi ta 'yar hira ta dole. Da za mu tafi ya jawo rigar Tanimu da hannun hagu, ya ce a hankali, kalma na bin kalma da ƙyar, "Tanimu, wai da gaske na taɓa yin kokawa? Wani lokaci sai in ga kamar mafarki na yi."

 Muna fita Tanimu ya ce da ni, "Gobe za mu makaranta."

Na ce, "Mu yi me?"

"Kofinmu za mu karɓo, kuma sai an tara mutane an faɗi abin da muka yi. Ka ajiye babur ɗin nan, da ƙafa za mu."

Na dai tafi da babur ɗina, shi ya biyo ni a keke.

Shugaban makarantar sabo ne, matashi mai kwat, ga sabuwar mota a gindin bishiya. Ya karɓe mu da fara'a, ya zagaya da mu babban zaure. Hotunan 'yan ƙwallo reras a bango, da na masu gudu, da na masu muhawara. Namu ko ɗaya babu. Tanimu ya tambayi kofin kokawa. Shugaba ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai kokawa wasan dandali ne, an daɗe da barinta. Ƙasa ta ci gaba. Ban ma san an taɓa samun kofi ba."

Muka bi sito, muka bi ofis, babu. Ni na ce mu haƙura, rana ta yi zafi. Tanimu ya ce sai mun leƙa ɗakin girki. Muna shiga sai ga kuku, wani dattijo, tsaye kan tukunyar miya, yana ɗibar gishiri daga buhu da wani abu baƙi ƙirin mai kunne ɗaya. Tanimu ya dafe ƙirji.

"Baba, ka san abin da ke hannunka kuwa?"

"Ma'aunin gishiri," in ji kuku.

"Kofin lardi ne! Haƙarƙarina biyu na bayar a kansa!"

"To, Allah ya ƙara sauƙi. Amma in ka ɗauke, da me zan auna? Cikinsa ɗaya daidai yake da tukunyar nan."

Babu irin lallashin da ba mu yi ba, Baba kuku ya ce sai an kawo masa madadi. Tanimu ya hau keke ya koma gida, ya shiga ɗakin Asabe ba ta nan, ya zaro kwano guda daga cikin jerenta na aure, mai furanni, wanda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki, ya kai wa kuku. Da ta dawo ta ga giɓi a jere ta tambaya, sai ya ajiye mata kofin a gabanta yana washe baki. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Malam, kwanona ka bayar ka karɓo gwangwani?" Ranar ta yi yaji, sai da na je biko da kaina.

Samun kofi daban, samun taro daban. Shugaba ya ce a dawo wani mako. Muka dawo, ya ce ya tafi Kaduna, alhali ga motarsa nan. Ni na gaji na daina zuwa. Tanimu kuwa kullum in ya tashi daga ofis sai ya zarce makaranta, ya zauna kan benci a ƙofar ofishin shugaba, ya fito da toka da lemon tsami da tsumma, ya hau goge kofi.  Baƙo ya zo daga ma'aikatar ilimi, sai ya tsallake toka kafin ya shiga. In an tambaye shi lafiya, ya ce, "Lafiya lau, tarihin makarantar nan nake wankewa, gishiri ya ci shi." Daga ƙarshe shugaba ya fito ya ce, "Malam Tanimu, ranar rabon kyaututtuka zan ba ku ɗan lokaci. Don girman Allah ka kwashe tokar nan daga ƙofata."

Da Alhaji Garba ya ji labari ya zo da doguwar motarsa. Ya ga kofin, duk gugar da ya sha bai hana shi lotsawa ba, ga kunne ɗaya. Ya ce, "Haba Tanimu, wannan abin kunya za mu ɗaga gaban manyan baƙi? Bari in aika a sayo sabo, babba, mai murfi."

Tanimu ya ce, "Sabon, wa ya kayar?"

Alhaji ya bar zancen sabon kofi. Amma da Tanimu ya ce dukkanmu bante za mu ɗaura ranar, nan muka haɗa kai muka ce ba da mu ba. Muna da 'ya'ya, muna da surukai.

Ranar ta zo. Aka ɗauko Bulus a motar Alhaji, aka zaunar da shi kan kujera can gefen rumfa. Aka fara jawabi. Babban baƙo ya yi maganar tituna da masana'antu da gadoji har na yi gyangyaɗi na farka yana kan gadoji. Aka raba kyautar lissafi, aka raba ta ƙwallo, aka raba ta tsafta. Bulus ya jiƙe da gumi, kansa ya langaɓe. Sai da aka fara fito da lemon kwalba, mutane suka miƙe suna tururuwa wajen akwatuna, sannan mai sanarwa ya ce, "Af, akwai wasu tsofaffin ɗalibai." Kafin Tanimu ya iso ma an kashe lasifika.

Na ce a raina shi ke nan, wahalar banza. Sai na ji wata kururuwa irin wadda rabona da ji tun muna samari. Tanimu ne a tsakiyar fili, ya tuɓe babbar riga ya yar, ya tuɓe 'yar ciki. Jama'a, bantensa na makaranta ne a jikinsa! Asu ya ci gefe, ga furfura a ƙirji, ga ƙafafu kamar muciya. Ya daki ƙasa, ya ɗaga kofi sama yana kirari. Masu lemo suka juyo da kwalabe a hannu. Matar babban baƙo ta rufe fuska da gyale tana leƙe ta gefe.

Ya kira sunana, ya faɗi wanda na kayar da garin da ya fito. Ya kira Alhaji Garba, ya faɗi nasa. Abubuwan da mu kanmu mun manta, shi yana riƙe da su. Muka fito muka tsaya kamar an kama mu da laifi, ɗalibai na tafi. Sannan ya taka har gefen rumfa, ya durƙusa, ya goya Bulus a bayansa, ya kawo shi tsakiyar fili. Muka riƙe shi ni da Alhaji ya tsaya da ƙafarsa mai lafiya. 

"Wannan shi ne Bulus Dogo," in ji Tanimu, ba lasifika amma har bakin ƙofa ana ji. "Ku dube shi da kyau. Shi ya ciwo kofin nan, mu rakiya muka yi. Duk lardin nan babu wanda bai kai ƙasa ba." Ya ɗan tsaya. "Sai ni. Ni zamewa na yi."

Bulus ya ɗago kai. Mutumin da matarsa ma sai ta kai kunne bakinsa take jin abin da yake faɗa, sai ga murya ta fito tar: "Ƙarya yake! Kayar da shi na yi!"

Fili ya kece da dariya da tafi. Bulus na dariya da rabin baki, hawaye na zuba, ya rungume kofin da hannun hagu ya ƙi saki. Shugaban makaranta ya matso yana cewa za a ajiye shi a babban zaure cikin gilashi. Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, kun samu dama kun zuba masa gishiri. Gidan mai shi za shi."

Daminar da ta biyo baya Bulus ya rasu. Matarsa ta gaya mana kofin na kan tagar ɗakinsa har ranar ƙarshe, kuma duk wanda ya shigo dubiya sai ya nuna masa shi da haɓa. Tanimu ne ya fara isa maƙabartarsu da safe, ya karɓi diga daga hannun samarin cocin, ya ce su matsa ba su iya ba.

Shi kuma Tanimu ya daɗe bayan haka, yana nan yadda kuka san shi, bai sauya ko ɗaya ba. Ranar da muka kai shi, na matsa na sa kafaɗata a makara, ko da yake 'ya'yansa sun so hana ni. Na shirya jin nauyi, sai na ji kamar ba kowa a ciki. Ashe ciwo ya daɗe da cinye shi a cikin babbar rigar nan, bai taɓa gaya wa ɗayanmu ba.

Allah ya jiƙan Tanimu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Asabe haƙuri, don ta yi haƙuri da shi tun yana raye. Allah ya albarkaci zuriyarsa da ta Bulus da ta Alhaji Garba. Mu da muka yi saura, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.