Ranar da aka fitar da mu daga ɗakin jarrabawar Rahina

Malami na uku ya gama yi wa 'yata Rahina faɗa kan littafin da ta rubuta ke nan, sai babbansu ya ce kowa ya fita waje. Har da ita.

Ni da na baro motocina cike da albasa a Dapaong, na zo jami'a in ga ta kare digirinta na masta, ni za a kora kamar ɗan firamare! Ina fita na kira uwarta a Sokodé, na ce a sallami masu girkin walima, yarinya ta faɗi.

Rahina ta jawo hannun rigata. "Baba, me ka gaya wa Inna?"

"Gaskiya mana. Ƙarti uku sun taru sun wanke ki tas, sannan suka kore mu."

Ta yi dariya har da hawaye. "Baba, dokarsu ce. Dole su rufe ƙofa su yanke maki su kaɗai. Faɗan ma kowa sai an yi masa."

Can aka kira mu. Malaman suka miƙe tsaye, suka ce ta ci, da makin da za ta iya wucewa dokta. Wanda ya fi su zafin faɗa ma shi ya fara tafi!

Na ce, can ma haka za su yi miki? Ta ce can ma sun fi yawa. Na ce to su ƙaro, jinina ce.

Ni dai a koleji na tsaya, amma yau na ƙara aji. Iyaye, ku ma kun sha wannan korar, ko ni kaɗai aka samu?