Ban Fasa Dutsen Inna Ba

Ni na kafa dutsen kicin ɗin Inna, shi ya sa har yau in aka taɓo maganarsa sai na ajiye abin da nake yi. A gidanmu na Sheshe kowa da abin tunƙahonsa. Yaya yana da digiri biyu da ofis mai sanyi a Abuja. Ni kuwa a aji uku na sakandare na yi wa makaranta sallama, ita ma ba ta biyo ni bikon ba, na bi wani oga mai aikin tayil da mabul. Da hannuna ya fara faɗawa, sai wani mai gida da muka yi wa aiki a bayan gari ya ce in kwashe ragowar baƙin dutsensa. Na shigo da shi gida gunduwa uku, na gina wa Inna kantar girki daidai ƙugunta, ta huta da durƙuso, don gwiwarta ta fara yi mata rashin kunya.

Ranar da na gama, dutse na sheƙi kamar goshin ango. Inna ta shafa, ta sake shafawa, ta ce, "Auta, wannan santsin na mene ne? A ina zan niƙa attaruhu?"

Na ce, "Inna, ga injin markaɗe a bakin lungu."

Ta ce, "Miyar inji ai ruwa ce mai launi."

Sai na ɗauki girenda, injin gugar dutse, na karce mata kusurwa ɗaya, faɗin faranti, ta yi kaushi. Ta ɗauko ɗan dutsen niƙan da ta gada wurin mahaifiyarta ta ci gaba da abinta a tsaye. Shekara shida, wurin ya yi ɗan kwarmi, ya yi jaja-jaja saboda manja da attaruhu. Ko da ido rufe hannunta ya san hanyarsa.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah Yaya ya zo. Ya leƙa kicin, ya tsaya yana kallo kamar likita ya ga ƙurji. Ya ɗauki hoto, ya danna waya, ya kira ni.

"Kai, wannan dutsen ya mutu. Duba nan, an rubuta: tabo, tsagewa, dushewar sheƙi. Duk ukun yana da su. Na riga na yi odar sabo, fari, falle ɗaya ba haɗi. Gobe ka zo da guduma ka fasa wannan."

Na waiga wajen Inna. Yaya ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunansa ba, "wannan yaron" take cewa, balle ta tsaya musu da shi ido cikin ido. Abin da ta yi kawai, ta ɗauki faifai ta rufe kwarmin nan nata, ta fita tsakar gida ta zauna tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Nan na gane in ban buɗe baki ba, shi ke nan, an fasa.

Na ce, "Yaya, ba zan fasa ba."

"Ka ce me?"

"Da Hausa na faɗa, ranka ya daɗe, ko in juya maka da Turancin aji uku? Waya ta ga hoto, ba ta taɓa dutsen ba. Ni na taɓa."

Ya ce ai matsalata ke nan, ban yi karatu ba kuma ba na jin na waɗanda suka yi. Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma na yi dariya na ce ya ara min makullin motarsa, yau shi ne ɗalibi.

Na bi dutsen ina ƙwanƙwasawa da makulli, taƙi bayan taƙi. Na ce ya kasa kunne. Dutsen da ke zaune daram a kan siminti muryarsa a dunƙule take. Wanda ya saki kuwa sai ka ji shi kamar ana buga ƙwarya. Tun daga bango har kwarmin Inna murya ɗaya muka ji. Na ce ya danna gefen da ƙarfinsa, tunda tumbin ofis ya ƙara masa nauyi. Ya danna, ko motsi.

"To wannan layin fa?" Ya nuna wani farin zare da ya ratsa tsakiya.

Na ce wannan jijiyar dutse ce, da ita Allah ya yi shi. Na jiƙa shuɗin wanki a kofi na zuba a kai, na ce mu jira. Tsaga tana shan ruwa, jijiya ba ta sha. Ruwan ya kwanta yana kallonmu, na goge, babu ko alama. Jan da ke kwarmin kuma na ce tabo bai taɓa kashe dutse ba. Abin tsoro shi ne ya fara marmashewa ana jin tsakuwa a miya. Na tambaye shi ko ya ji tsakuwa a miyar da ya yi wa ƙari ɗazu.

Da na tsaya a nan da na fita da kaina a sama. Amma bakina ya riga ya yi zafi, sai na zuba sauran shuɗin a bakin wurin wanke-wanke don in ƙure shi. Ruwan ya ɓace. Na leƙa ƙasa, ga shi yana ɗiga, shuɗi shar. Na buga makulli, ƙwarya ta amsa.

Yaya ya ce, "Malam injiniya, ya aka yi?"

Na ce, "Wannan gunduwar ta mutu, ban musa ba. Jinin layya zai shiga tsagar ya zauna, sabulu ba ya kaiwa can. Ita zan cire yau. Sauran biyun kuwa, wanda zai fasa su sai ya fara ta kaina."

Ya ce mu gani in sabon ya iso.

Washegari da hantsi ya iso, mutum shida suka ɗauko shi daga titi, don mota ba ta shiga lungunmu. Ya wuce lungu da kyar. A soro ya tsaya. Soron gidanmu irin na da ne, in ka shiga sai ka karya kwana biyu kafin ka ga tsakar gida, don kada na waje ya hango mata. Aka tsayar da shi, aka kwantar, aka karkata, falle ɗaya ba haɗi ya ce shi ba ya lanƙwasa. Da ma abin da ya sa na shigo da nawa gunduwa uku ke nan. Yaya ya dube ni ya ce in yanka shi. Na ce zan yanki daidai wurin wanke-wanke, ko yatsa ba zan ƙara ba.

Haka aka yi. Yanzu kicin ɗin Inna baƙi biyu ne da fari ɗaya, kamar an yi wa riga faci. Ragowar farin na ɗora shi a dakalin ƙofar gida, dattawan lungu suna zama suna yaba sanyinsa.

Ranar Sallah Inna ta ɗage faifai ta niƙa yajin soyen nama a kwarminta. Ta ciko kwano ta miƙo min, idonta na kan tukunya, ta ce, "Kai wa wannan yaron."