Waƙoƙin Kawu a Sabuwar Kwamfuta

Jiya sabuwar kwamfutata ta ƙi buɗe tsohuwar manhajar da marigayi kawuna ya rubuta waƙoƙin coci da yarenmu a ciki. Ga shi babu su ko'ina sai nan.

Na tuna shi a Zonkwa, rigarsa na ƙamshin citta, yana buga harufa da yatsa ɗaya. In na ƙosa da jiran kwamfutarsa sai ya ce, "Ɗiyata, bar ta, tana tunani."

Mai gyara a Kafanchan ya ce, "Anti, bari in ruɗi manhajar, ta ɗauka tsohuwar kwamfuta ce." Rabin waƙoƙin suka buɗe. Sauran yana kan gwadawa.

Kawu, Ubangiji ya ba ka hutawa, ya tsare mana waƙoƙinka.