Mutum Uku Na Bayar Don Dogo Ɗaya

Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando a Samaru, kuma ni na ƙulla cinikin da bakina, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Shekara uku 'yan Sabon Gari suna lallasa mu, duk saboda wani dogo da suke da shi. In ya ɗaga hannu, sai dai mu bi ƙwallo da kallo. Abin ya tsaya mini a rai. Da na ji ya samu gurbin karatu a Samaru, sai na hau acaɓa na tafi wurin kocinsu. Ya ce zai sake shi, amma mutum uku yake so a madadinsa. Ya faɗi biyu, na ce na bayar. Na ukun sai ya ce mai waldarmu.

Mai waldar nan shi ya kafa filinmu. Shi ya lanƙwasa rodi ya yi zoben kwandon, shi ya haƙa ramin sandar. Kullum da la'asar yakan rufe shagonsa a Shika ya tako keke ya zo. Gajere ne, bai cika jefa ƙwallo a kwando ba, amma in ya tsare mutum sai ka ce kaska. Ran Juma'a shi yake share mana fili kafin mu sauko daga masallaci, mu kuma ran Lahadi ba ma taɓa ƙwallo sai ya taso daga coci. Duk na san wannan, na ce na bayar. Ko shawararsa ban nema ba.

Washegari na sanar a gaban kowa, har da yi masa tsiya wai ya samu ƙarin girma. Ya ce, "Kyaftin, kekena ba zai kai Sabon Gari ya dawo da ni kafin magariba ba." Na ce, "Haba maigida, ai duk wasa ne." Ya ɗaure takalmansa a bayan keke ya tafi. Bai je Sabon Gari ba, bai sake dawowa wurinmu ba.

Ba zan yi wa dogon ƙarya ba, ya iya. Mun ci 'yan Sabon Gari a wannan shekarar, na yi ihu har muryata ta dishe. Bayan sati biyu ya yi tsalle ya rataya a zoben, ƙarfen ya ɓalle daga allo.

Masu walda sun cika Samaru, amma Shika na kai zoben wurin mai waldarmu, ina fatan ya zage ni in samu sauƙi. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ajiye a ƙasa ya liƙe. Ya ƙara masa ƙarfe biyu ta ƙasa.

"Yanzu zai ɗauki nauyin dogon naku," in ji shi.

Kunya ta kama ni, na ce, "Ka dawo mana, don Allah."

Ya miƙo mini zoben da tsumma, don da sauran zafi.

"Na sayar da takalman, Kyaftin."