Motar da Ta Fi Ni Gaggawa

Na daɗe ina jan babbar motar masaƙa a Kakuri, ban taɓa buge ko akuya ba. Kaza ɗaya dai na taɓa takawa, ita ma ta riga ta yanke shawarar mutuwa tun kafin in iso. Boko kuwa leƙawa kawai na yi, malamin ya ce kaina kwando ne, ana zubawa yana tsiyayewa. Sitiyari ne ya karɓe ni ya rufa mini asiri. Shi ya sa da 'ya'yana suka haɗa hannu suka saya mini wata 'yar motar tokumbo bayan na ajiye aiki, sai na ji kamar an mayar mini da ƙuruciyata. Otomatik ce, ba kulochi, sai birki da totur. Ƙafata ta hagu ta yi ritaya tare da ni.

Da damina abin ya fara. Ina dawowa gida Unguwar Boro, na taka totur sosai don in wuce wani mai Keke da ke tafiya kamar an aike shi gidan surukai. Na wuce shi, na ɗage ƙafa, mota ta ƙi ɗage tata. Inji ya kama gurnani, muka yi ta tafiya. Na danne birki, na yi ta dukan ƙasan motar da ƙafa, can ta saki, amma kafin nan mun riga mun shiga masarar maƙwabcina mun gaisa da ita.

Na kai ta wurin wani bakanike a Trikania. Ya buɗe gaba, ya wanke abin da zai wanke, ya zaga da ita a hankali, ya ce lafiyarta ƙalau. Kallon da ya yi mini kuwa cewa yake yi mai motar ne ke buƙatar gareji. Ba a daɗe ba ta sake, wannan karon ƙyauren gidanmu ne ya sha.

Babbar 'yata nas ce, ba ta wasa da magana. Ta zo ta duba ƙyauren, ta duba ni.

"Dadi, ƙafarka ta saba da abin takawa uku, yanzu biyu ne. Totur kake takawa kana tsammanin birki ne."

"Ni? Tun ba a haife ki ba nake bambance su cikin barci."

"To ai barcin ne matsalar."

Na rantse mata motar ce ke gudu da kanta. Sai dai wanda ya shaida wa jikokinsa cewa ya taɓa tsere da jirgin ƙasa daga Kafanchan har ya tsaya ya jira shi, ba ya samun mai gaskata shi ranar da ya zo da gaskiya. Matata ma, da nake sa ran za ta tsaya mini, cewa ta yi, "Maigida, a dai sa abin cikin addu'a."

'Yata ta yanke hukunci: ranar Asabar za ta karɓi makulli. Ban yi musu ba, amma abinci ya ƙi shiga. Kowace Asabar nakan je Gonin Gora, in zauna ƙarƙashin mangwaro da tsofaffin abokan aikina na masaƙa, mu zagi gwiwoyinmu, in sayo doya in dawo. Idan makulli ya tafi, na zama buhu ke nan, sai ranar da wani ya sami sarari ya ɗauke ni ya ajiye.

Asabar ta zo da yayyafi. Na miƙa mata makullin. Ta ga fuskata, ta ɗan yi laushi.

"Shiga in kai ka wurin abokanka, daga can in wuce da ita."

Na zauna a gefen direba, wurin da ban saba ba. Matata ta shiga baya da jakarta, wai za ta zaɓi doya da kanta tunda ni kullum ana cutata. Muka hau titin Abuja. Tuƙinta ba laifi, ni na koya mata, ko da yake yanzu ba ta son a tuna. Gab da Gonin Gora wata tirela ta tare mana hanya, 'yata ta leƙa, ta taka totur har ƙasa, ta wuce. Sai na ji gurnanin nan da na sani kamar muryar tsohon maƙiyi.

"Dadi, ba ta tsayawa."

Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Tsoron daga baya ya iso.

"Kar ki kashe ta, sitiyari zai yi nauyi. Danne birki, kar ki saki. Tura giya zuwa firi."

Ta tura. Inji ya yi ta ihu shi kaɗai kamar mai wa'azin kasuwa, amma tayoyi sun daina jin maganarsa. Muka gangara gefen titi kusa da masu doya, ta tsaya, ta murɗa makulli. A baya matata tana ta kiran sunan Yesu a hankali.

Takalmin 'yata ya cire a cikin kokawar. Ta sunkuya nemansa, sai ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Mene ne wannan?"

Na zagayo na leƙa. Totur na kwance a ƙasa, bakin wani jan kafet mai kauri ya hau kansa ya danne. Ta jawo shi, totur ya tashi. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar roba, ƙarƙashin robar kuma ga kafet ɗin da motar ta zo da shi, sabo fil, ko ƙura bai taɓa gani ba. Kullum ina ganin jan kafet ɗin nan, ƙafata na kansa, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ashe kowace shiga dunduniyata na tura shi gaba, sai ranar da aka taka totur har ƙasa ya samu ya cafke.

"Na coci ne," in ji matata daga baya. "Da aka canza na gaban bagadi, matan zumunta suka yanka tsohon muka raba. Ni na roƙi daidai inda fasto ke tsayawa yana addu'a. Na ga laka za ta ɓata motar, kuma na ce ya riƙa tsare shi a hanya."

"Mama, saura kaɗan ya kai mu inda addu'ar ke zuwa," na ce wa matata.

"Ai bai kai mu ba. Ka ga ko ƙwarzane?"

'Yata ta tsaya riƙe da makulli tana kallon tirelolin da ke wucewa. Can ta kamo tafin hannuna ta saka shi ciki.

"Amma za ka zo a duba idonka."

"Idon da ya ga firi lokacin da naki ya rufe?"

"Dadi."

"Zan zo."

Matata ta ƙi yarda kafet ya bar motar, don haka muka sasanta: ya koma but a bayan mota, ana ɗora masa doya. Can ma addu'ar na isowa gaba, in ji ta.

Da na isa ƙarƙashin mangwaro na ba abokaina labari tiryan-tiryan, ban ƙara ko gishiri ba. Suka saurara har ƙarshe, sannan ɗayansu ya ce wannan ƙaryar ta fi ta jirgin ƙasa tsari. Na nuna musu nas a tsaye tana taya doya, na ce ga shaida, su je su tambaya. Ba wanda ya tashi, gwiwoyi ba su yarda ba. Da yamma ni na tuƙo mu gida, a hankali, har wani mai Keke ya wuce ni.