Ranar da Malam Ya Ci Tuwon Gidan Bahago

Duk telan da ke Ƙofar Kuyambana ya san Bahago, don shi ake aika wa in keken ɗinki ya ƙi tafiya. Sunansa na gaskiya Adamu, amma tun yana yaro a ƙauyensu aka ga da hagu yake jifa, sunan kuma ya biyo shi har Zariya. Kirista ne ɗan Kirista. Yana zaune da matarsa Hajara a bayan ganuwa ta wajen Wusasa, kullum ya shigo birni kan tsohon babur ɗinsa, wanda ake jin tarinsa tun bai shigo ƙofa ba.

A shekarar 1986 ya shiga makarantar koyon aikin coci. Cikin darussansu akwai na Musulunci, tarihinsa da imaninsa da ibadarsa, kuma Turawa suka rubuta littattafan. Bahago ya ce bai ga dalilin tambayar mutumin Ingila yadda ake alwala ba, alhali kullum sai ya tsallake ruwan alwala a ƙofar shagunan teloli. Sai ya yi sallama a zauren mai gidana, Malam, wanda ke karantar da manya bayan la'asar. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce karatu ya zo nema, ba barin addininsa ba. Malam ya ce shi ma bai yi shelar neman mai tuba ba, ya samu wuri ya zauna. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa, kada ya taɓa Alƙur'ani.

Ina jiyo su daga tsakar gida. Bahago na da tambaya kamar alƙali, komai aka faɗa sai ya rubuta a wani jan littafi. In aka zo kan Annabi Isa kuwa, sai gardama ta kaure har a kira magariba. Shekara uku ba wanda ya matsa ko taku ɗaya daga inda yake, shayina kawai suke ƙararwa. Bahago ya saba da tuwona, har ya koyi ci da dama, ko da yake rabin miyar rigarsa ke sha.

Abin da ya dame ni shi ne kwano. Duk Sallah nakan aika wa Hajara abinci, ita kuma duk Kirsimeti ta aiko da shinkafa da kaza. Malam ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce a ba mai so. Ni dai na ci, ga ni kuma da raina. Wata rana Hajara ta zo mini barka da Sallah, ta tambaye ni ko Malam na jin daɗin girkinta. Ban iya ƙarya ba, na ce mata bai taɓa ci ba. Ta share hawaye da bakin gyale, ta ce mijinta ya ci tuwon gidan nan ya fi a ƙirga, in har Malam ba zai ci nata ba, ba za ta ɗora tukunya ranar da Bahago zai gama makaranta ba. Wallahi na ji kunya, kuma na ga gaskiyarta.

Ana haka karatunsu ya kawo babin yanka. Bahago ya sa yatsa a inda aka yi maganar abincin ma'abota littafi, ya tambaya ko shi ba ya cikinsu. Malam ya yi gyaran murya har sau uku.

"Littafi ya halatta, Adamu," in ji shi. "Maƙogwarona ne bai yi karatu ba."

Bahago ya yi dariya har da buga ƙafa, ya rubuta wannan ma a jan littafinsa. Bai sake tayar da maganar ba, har na ɗauka an bar ta ke nan.

Ranar Asabar ɗin da za a ba shi takardar gamawa, rana ba ta gama fitowa ba muka ji tarin babur. Ga Bahago da rago ɗaure a baya, yana roƙon Malam ya yanka masa. Bahago da kansa ya haƙa rami, ya ba ragon ruwa, ya kwantar da shi ya fuskanci alƙibla, duk yadda ya rubuta. Malam ya ɗauko wuƙa zai wasa a nan gaban ragon, sai Bahago ya riƙe masa hannun riga, ya tuna masa ba a wasa wuƙa dabba tana gani. Malam ya dube shi, ya dubi ragon, ya ce lalle ɗalibi ya ci jarrabawa, ya koma bayan zaure ya wasa.

Bayan azahar muka fita ta Ƙofar Kuyambana zuwa gidan Bahago, Malam a gaba da sandarsa. Aka shimfiɗa masa tabarma tsakiyar fastoci. Hajara ta sayi sabuwar tukunya don shi, ba tare da kowa ya ce ta saya ba. Da aka kai masa kwano, ta tsaya a bakin madafa ta damƙe hannuna kamar za ta karya shi. Malam ya wanke hannu, ya yi bisimilla a fili, fastocin ma suka yi tasu addu'ar. Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu, bai ɗago kai ba sai da ya ga gindin kwanon. Sannan ya miƙa wa Bahago shi.

"Ka ce wa Hajara ta ƙaro," in ji shi. "Na shekara ukun nan da na bari ya wuce ni ma, ta haɗo mini."

Hajara ta saki hannuna, tana dariya tana kuka, ta rasa inda ta ajiye ludayi.