Yadda Na Salwantar da Muryar Baba

A lokacin ina ji da kaina. Ina da ɗan shagon buga takardu a Titin Koudoukou, a gidanmu na unguwar Kokoro kuwa ni ce gwanar kwamfuta, ba mai ja da ni. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba yakan zauna a tabarma ya ba ni labarin kakanninmu, tun daga wanda ya fara zuwa Bangui fatauci. Jikokinsa yaren Sango ya fi Hausa kama bakinsu, shi ya sa ya ce in riƙa ɗaukar muryarsa, ko bayan ransa su ji asalinsu daga bakinsa. In waya ta cika sai in juye a kwamfutar shago, in goge na wayar.

Wata safiya manhajar rubutu ta ƙi aiki, wai lasisinta ya ƙare, ga mutane tsaye suna jiran takardunsu. Wata abokiyar sana'a ta turo min wani guntun adireshin intanet, irin wanda ba ka sanin inda zai kai ka. Ta ce in kashe manhajar tsaro, in kwafi layi ɗaya in liƙa, shi ke nan. Na yi, ta buɗe, har na yi mata godiya. Kwana uku bayan haka komai na cikin kwamfutar ya kulle. Mai gyara a unguwar Yakité ya yini a kanta, ƙarshe ya ce da hannuna na buɗe wa ɓarayi ƙofa, in yi haƙuri.

Lokacin ciwo ya riga ya fara taɓa tunanin Baba. Na durƙusa gabansa na faɗa masa ina kuka. Bai yi faɗa ba, ya dafa kaina ya ce ai yana nan, in kawo waya mu sake. Ya fara tiryan-tiryan, da ya zo kan sunan kakarsa sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya roƙe ni in tuna masa. Wallahi ban riƙe ba, na dogara da na'ura.

'Yan'uwa, duk abin da ya ce sai kun kashe tsaro zai yi aiki, ku guje shi, ko wa ya turo. Abin da kuke ƙauna kuma kada ku ajiye shi wuri ɗaya. Lasisi na saya daga baya, cikin sauƙi ma. Sunan kakar Baba kuwa har ya koma ga Allah ba mu samo shi ba.